Kwano, Ganye, ko Leda?

Akwai wani manomi da yake zaune a kan tudu, nesa kaɗan da wani gari mai kasuwa. Ba sai na faɗi ainihin sunansa ba, kowa dai Baban Afiniki yake ce masa, don Afiniki ce 'yarsa ta fari. Mutum ne mai ƙwazo, mai tsoron Allah daidai gwargwado, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tambaya. Kai, mutumin nan akwai tambaya! In ya ga tururuwa sun jeru, sai ya bi su ya ga inda za su. In maƙeri yana ƙira, sai ya tsaya a kansa, me ya sa ka tsoma ƙarfen a ruwa, me ya sa ba ka bari ya huce da kansa ba, har maƙerin ya rasa inda zai sa kansa. Matarsa takan ce ko ranar da za a binne shi sai ya ɗago kai ya tambayi masu haƙa me ya sa suka zaɓi nan ba can ba. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce matambayi ba ya ɓata.

Yana da bijimai biyu na huɗa. Ɗaya baƙi ne mai zafin rai, ya sa masa suna Guguwa. Ɗayan fari ne mai faɗin ƙirji, ba ya gaggawa, ba ya kuma gajiya, shi ne Sannu-Sannu. Tun yana ɗan maraƙi manomin ya raine shi da hannunsa, yana kuwa ƙaunarsa ƙwarai, ba ya ma ɓoyewa. Aibin Sannu-Sannu ɗaya ne, kwaɗayin gishiri. In ka tsaya kusa da shi da gumi a jikinka, sai ya lashe maka hannu, ya lashe maka riga, in ba ka yi hankali ba har hula. Bijiman nan biyu su ne ƙarfin gidan gaba ɗaya. Su suke jan garma da damina, su suke jan amalanke da rani, karkiyarsu kuwa ta wuya biyu ce, ɗaya ba ya iya ɗaukarta shi kaɗai.

Kowace ranar kasuwa manomin yakan ɗaura musu amalanke, ya loda masara ko doya, su gangara gari. In rana ta yi tsaka, ciki ya fara kiran ciroma, sai ya nufi rumfar wata mata mai sayar da abinci, Maman Zakka. Shinkafa da wake take yi da manja da yaji, da alale mai laushi wanda in ka ci sau ɗaya ƙafarka za ta riƙa kawo ka da kanta. Matar nan tana da wata al'ada. Duk wanda ya zo, babba ko yaro, baƙo ko ɗan gari, kafin ta ɗaga ludayi sai ta dube shi ta ce, "Kwano, ganye, ko leda?"

Mai kwano zai wanke hannu, ya zauna a benci, ya ci, ya mayar da kwano. Mai ganye za ta naɗe masa a ganyen ayaba, ya tafi da shi. Mai leda kuma ta zuba masa a leda.

Baban Afiniki kullum leda yake cewa. Zaman benci ɓata lokaci ne a wurinsa, ganye kuma yakan ɗigar da mai a riga. Leda kuwa sai ya huda gindinta da haƙori, yana tafe yana matsawa a baki, yana zaga kasuwa yana leƙa rumfunan mutane yana yi musu tambayoyi. Amma kada ku ɗauka ƙazami ne. A'a, shi fa haushin masu yar da leda a gindin ƙafarsu yake ji. In ya gama ci, sai ya sunkuya ya ɗauki 'yar tsakuwa kamar gurjiya, ya jefa a cikin ledar, ya murɗe wuyanta, ya yi mata ƙulli biyu irin wanda yake yi wa bakin buhu, kunnuwa biyu a tsaye. Sa'an nan ya saita babban jujin da yake bayan rumfunan abinci, ya wurga. Tim! Bai taɓa kuskure ba. Yakan karkaɗe hannu ya ce, "Tawa dai iska ba za ta kai wa kowa ƙofar gida ba."

Wata rana tambayar ta motsa masa a gaban tukunya. Ya ce, "Maman Zakka, kin san amsata tun ba yau ba. Me ya sa kullum sai kin sake tambayata?"

Ta ce, "Ina sa rai wata rana za ka sake amsa."

"Ashe ba kya son ledar?"

"Ko kaɗan."

"To me ya sa kike ajiye ta?"

Ta ajiye ludayi ta ce, "In na hana, sai ku wuce rumfa ta gaba, ni ma kuwa ina da bakunan da nake ciyarwa. Amma ka ga, Baban Afiniki, duk abin da ya fita daga rumfar nan ina so in san inda yake ƙarewa. Kwano, ni nake wankewa. Ganye, akuya ta ci, ko ƙasa ta ci. Leda fa? Har yau ban san mai cin ta ba."

Maganar ta burge shi. Ya tsaya da leda a hannu yana juya ta a ransa, wa yake cin leda? Lalle wannan tambaya ce mai daɗi. Yana cikin tunani sai ya hango wani mutum ya baje sabon injin feshi a bakin hanya, mutane sun kewaye shi. Nan take tambayar ta tashi daga kansa, ya ruga ya ga yadda injin yake aiki.

Akwai kuma wani tsoho mai lambu, shi ne yake kawo wa Maman Zakka ganyen ayaba. Shi ba a ma yi masa tambayar. Da ya iso sai ya zaro kwanonsa daga jaka ya miƙa, ruwan shansa ma a gora yake tahowa da shi. In ya ga za a ba jikokin wani alale a leda, sai ya ce, "A sa musu a ganye mana, ai ga shi nan na kawo da yawa." Manomin ya daɗe yana kallon tsohon nan, har ranar da ya kasa haƙuri.

Ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Rowa ce, ko wani alkawari kuka yi da Allah a kan leda?"

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Baki ba zai iya ba, ɗana. Zo ka gani."

Wanda yake bin tururuwa ai ba zai ƙi bin mutum ba. Ya ɗaure bijimansa a inuwa, ya bi tsohon. Lambun yana can gangaren gari, daidai inda kwarin da ya ratsa kasuwa yake zubar da ruwansa a rafi. Tun daga nesa manomin ya ga shingen ƙaya ya yi ado da leda, baƙa da fara da mai ratsi, suna kaɗawa. Hanyar ban ruwa ta toshe, ruwan ya kwanta ya yi kore, sauro suna biki a kai. Tsohon ya ɗauki fartanya ya sara ƙasa a tsakiyar albasa, ya ɗago. Ga leda a ƙarƙashi shimfiɗe kamar tabarma, saiwar albasa ta sauko ta tarar da ita, ta rasa hanya, ta nannaɗe a wuri ɗaya.

Tsohon ya ce, "Irin wannan mai ratsin, an daina kawo ta kasuwa tun kafin in aurar da autata. Yanzu autar tana da 'ya'ya masu zuwa makaranta. Dube ta, ko launinta bai gushe ba."

Tabɗi! Manomin ya karɓa, ya ja, ya shinshina, ya ɗaga ta a rana. Ya tambaya ko gara tana cinta, aka ce a'a. Ya tambaya ko an gwada ƙonawa, tsohon ya ce hayaƙin ya kwantar da matarsa da tari, abin da ya rage kuma ya daskare kamar ƙwalta. Ya yi tambaya har tsohon ya gaji da amsawa. Da ya gama, sai ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce, "Allah sarki, Baba! Ku na gangare kuna ganin ta kanku. Mu na tudu Allah ya raba mu da wannan, ruwa ba ya hawo mana da komai."

Tsohon ya ce, "Gaskiya ne, ruwa ba ya hawa tudu. Sai dai ba ruwa kaɗai yake ɗaukar kaya ba."

Manomin ya ce haka ne, haka ne, don girmamawa kawai. Ranar kasuwa ta gaba da aka ce masa kwano, ganye, ko leda, bai ko yi jinkiri ba, ya ce leda.

To, a ƙasar nan akwai wata al'ada ta manoma tun kaka da kakanni. In rani ya yi nisa, kafin ruwa ya sauka, sukan je jujin kasuwa su kwaso shara su kai gona ta zama taki. Mahaifin Baban Afiniki da jaki yake kwasowa, shi ne kuma ya koya masa cewa ba takin da ya kai na bayan rumfunan abinci, don akwai toka, da ɓawon wake, da kashin awaki, da ganyen da aka ci abinci a ciki. Yakan ce masa, "Ƙasa ba ta ƙin komai, ɗana. Duk abin da ka ba ta za ta cinye, ta mayar maka da hatsi." A zamanin mahaifin nasa kuwa maganar gaskiya ce tsantsa, don duk abin da yake jujin daga ƙasa ya fito.

Saboda haka da bazara ta gabato, manomin ya ɗaura wa Guguwa da Sannu-Sannu amalanke, ya riga kowa zuwa jujin da ya fi kyau. Yana sheburi yana ganin leda a ciki, ba wai bai gani ba. Manyan da suka sarƙe masa shebur ya cire ya yar gefe, sauran kuwa ya ce ai ƙasa ba ta ƙin komai. Sawu bayan sawu bijiman suka yi ta hawa tudu da kaya, Sannu-Sannu yana nishi, yana dasa ƙafa, bai taɓa tsayawa ba. Aka jibge takin tsibi-tsibi a gona. Sa'an nan, kamar yadda kowane manomi mai hankali yake yi, ya kafa wa bijiman turke a cikin gonar, yana matsar da su daga wuri zuwa wuri, don su ma su ƙara nasu takin a kan na kasuwa. Yakan hango Sannu-Sannu ya cusa hanci a tsibi yana tone-tone, sai ya yi dariya ya ce, "Makwaɗaici, ka ji ƙanshin girkin Maman Zakka ko?"

Ba a daɗe ba Sannu-Sannu ya fara sakewa. A zuba masa harawa, ya ɗan taɓa ya kau da kai. A dama masa dusa, ya shinshina ya bari. Haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirgawa, amma cikinsa yana nan tim, ya kumbura ta gefe ɗaya. Abin da ya fi tayar wa manomin hankali shi ne bijimin ya daina tuƙa. Sai ya tsaya kurum, kai a ƙasa, ido a buɗe, kamar mai tunanin wani abu.

Nan fa tambaya ta sami wurin aiki. Ya buɗe bakin bijimin ya duba harshe da haƙora. Ya duba kofato. Ya tsuguna ya tona kashinsa da tsinke, ya ga ɗan kaɗan ne, busasshe. Ya ba shi kanwa, ya jiƙa masa ɓawon maɗaci, ya sayo maganin tsutsar ciki ya ɗura masa. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya tare shi, ka taɓa ganin sa yana ramewa ciki yana girma? Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce ciyawa ce mai dafi. Ya bi gonar kaf yana neman ciyawar, bai ga komai ba sai tsibin takinsa.

Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas. Maƙwabta suka fito da garemani suna gyarawa. Manomin ya dubi karkiyarsa a jingine, ya dubi Guguwa shi kaɗai yana haƙa ƙasa da ƙafa, tsoro ya kama shi sosai. In Sannu-Sannu bai tashi ba, babu huɗa, in kuwa babu huɗa a kan kari, rumbu zai kwana da yunwa. Da tambaya ta rasa amsa, sai ta juya ta zama zargi. Ya tuna maƙwabcinsa na gabas, wanda suka taɓa sa-in-sa a kan iyakar gona. Ya ce wa matarsa, "Ni fa na fara gane bakin zaren. Wani ne ya ba shi wani abu. Na kuwa san wanda arzikina yake tsone wa ido."

Matar ta ce, "Baban Afiniki, ka gani da idonka?"

"Ban gani ba, amma..."

"To ka riƙe bakinka. Kai da kake tambayar kowa, ka tambayi Allah mana."

Ya yi addu'a, amma ko a cikin addu'ar yana satar kallon gabas.

Wata safiya Sannu-Sannu ya kwanta, aka yi aka yi ya tashi, ya kasa. Manomin ya durƙusa ya miƙa masa hannu, bijimin ya ɗan lasa sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa. Mutumin nan ya yi kuka, kuka na gaske, bai ji kunyar kowa ba. Dattawa suka ce a kira mahauci tun da sauran rai, kada a yi asara biyu. Da mahaucin ya zo, manomin ya juya baya har aka gama yanka. Amma da aka zo buɗe ciki, sai ya share hawaye ya matso. Ya ce, "Sai na ga abin da ya kashe shi. Ko mene ne, sai na gani."

Mahaucin ya tsaga tumbin. Maimakon ciyawa, sai ga wani dunƙule baƙi ƙirin, ya kai girman tulu, ya murɗe ya cure, sai da aka sa hannu biyu aka ciro shi. Leda ce, leda a kan leda, ta toshe hanyar abinci gaba ɗaya.

Mahaucin ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri. Mu kam mun saba gani, a awaki, a tumaki, a shanu. Gishiri da mai suke bi, su haɗiye har da ledar."

Manomin ya miƙe tsaye. Maƙwabcin gabas ya fita daga zargi, amma fushin ya sami sabon masauki. Ya nuna gari da yatsa ya ce, "Mutanen banza! Ƙazamai! Su ci su yar, su ci su yar, ga shi sun kashe mini sa! Allah ya isa tsakanina da duk wanda hannunsa ya jefa wannan a juji!"

Mahaucin ya sa wuƙa yana yanka dunƙulen don ya nuna wa jama'a. Sai wuƙar ta yi ƙaras. Ya sake sarawa ta wani gefe, ta sake yin ƙaras. Ya ce, "Ikon Allah! Wannan kuma sabo ne a wurina." Ya zaro wata leda ya ɗaga. "Ku duba, tsakuwa ce a ciki, an kuma ƙulle ta tsaf. Ga wata. Ga wata ma. Wane mai dabara ne yake ƙulle dutse a leda?"

Manomin ya miƙa hannu ya karɓi ɗaya. Ƙulli biyu ne, irin na bakin buhu, kunnuwa biyu a tsaye. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ledojin da wasu suka yar a gindin ƙafarsu, da yawa iska ta kwashe ta watsar. Nasa kuwa, da yake ya sa musu nauyi, ba wadda ta motsa daga inda ya jefa ta. Suna nan a jujin suna jiransa, har ya zo da shebur ya loda su da hannunsa, Sannu-Sannu ya jawo su zuwa tudu da wuyansa.

Mahaucin ya ce, "Ka san mai irin wannan ƙullin?"

Manomin ya ƙura wa ƙullin ido. Can ya ce, a hankali, "Na san shi. Na kuma janye Allah ya isan da na yi."

Ruwa ya sauka a makon nan. Washegarin ruwan, yana zaune yana kallon karkiya, sai ya ji sallama. Maƙwabcin gabas ne, riƙe da igiyar bijiminsa. Ya ce, "Na ji abin da ya faru. Ka haɗa shi da Guguwa, mu huɗe gonarka, sa'an nan mu huɗe tawa." Manomin ya rasa inda zai sa fuskarsa don kunya. Kafin su sa garma, sai da shi da matarsa da 'ya'yansa suka bi gonar da manjagara da buhuna suna tsince leda, ba su kuwa iya tsince ta duka ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, ya gangara gari a ƙafa. Labari ya riga shi isa. Maman Zakka ta yi masa jaje, sa'an nan ta ɗauki ludayi, ta dube shi, ta ce kamar kullum, "Kwano, ganye, ko leda?"

Ya ce, "Kwano." Ya wanke hannu, tsohon mai lambu ya matsa masa a benci. Da ta miƙo masa abincin, sai ya riƙe kwanon bai fara ci ba. Ya ce, "Maman Zakka, kin taɓa cewa ba ki san mai cin leda ba. Na samo miki amsa."

Ba wanda ya yi dariya a rumfar.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Manomin nan ba mugu ba ne, shi ya sa nake jin tsoron labarinsa. Da mugu ne, da sai mu ce ai ba mu ba ne. Mutum ne mai tsabta a ganin kansa, mai son sani, mai zuwa sujada. Ya tambayi maƙeri, ya tambayi tururuwa, ya tambayi tsoho har ya gajiyar da shi. Tambaya ɗaya ce bai taɓa yi ba: abin da ya fita daga hannuna, ina yake zuwa? Ya je lambun tsoho ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya koma gida da tausayi, bai koma da tuba ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma haka muke jin wa'azi, muna cewa kash, da ma wane ya zo yau ya ji.

Ƙasar nan da muke takawa ta Ubangiji ce. Aro ya ba mu, ya sa mu mu nome ta, mu kuma kiyaye ta, ita da dabbobin da suke kanta waɗanda ba su da bakin kai ƙara. Mukan ce, "Na yar da shi can." To, ina ne can? Can ɗinka ƙofar gidan wani ne, ko lambun wani tsoho, ko cikin akuyar wata gwauruwa. A duniyar Allah babu wani wuri da ba na kowa ba. Abin da mutum ya gaskata game da ƙasa kuwa ba a bakinsa ake ji ba, a gaban mai abinci ake gani. Tsohon nan ya san ƙasa amana ce, shi ya sa yake yawo da kwano a jaka, ko da ana yi masa kallon marowaci. Maman Zakka ta sani, shi ya sa ba ta gaji da tambaya ba. Manomin ya ɗauka ƙasa baiwarsa ce mai cinye duk abin da ya jefa mata, shi ya sa ya ce leda ba tare da tunani ba.

Kada kuwa wani ya ce wannan misali na ruhaniya ne kawai, ya tsallake ledar. A'a, ledar ma ina nufinta. Ku fita bayan an tashi sujada ku dubi gindin mangwaron da ake sayar da awara da ƙosai. Ku dubi filin nan washegarin bikin godiya na kaka, ko bayan an ɗaura aure, yadda robar tekawe ta zuba abinci da ledar ruwa suke rufe ciyawa. Mun yi waƙa mun yabi Mahalicci a ciki, mun fito mun watsa wa halittarsa shara a fuska. Kwano bai fi ƙarfin jakar kowa ba. Zama kaɗan a benci bai taɓa kashe mutum ba, wataƙila ma ka san sunan wanda yake kusa da kai. Ku mata masu girkin taro, ganye bai ƙare a ƙasar nan ba, iyayenmu da shi suka ciyar da jama'a. In kuwa dole ta sa ka karɓi leda, ka sani ta zama taka, kada ka bar wa ƙasa renonta.

Amma akwai waɗansu ledojin da ba a gani da ido. Maganar da ka jefa a kan wani a kasuwa, inda kake tsammani ba wanda ya san ka. Ƙaryar da ka yi don ka sami sauƙi yau. Halin da kake yi in ka yi nisa da gida. Ka ƙulle shi tsaf, ka wurga shi nesa, ka karkaɗe hannu. Ba ya ruɓewa, ɗan'uwa. Yana nan da ƙullinka a jikinsa, wata rana kuma kai da kanka za ka loda shi ka kawo gida. Abin baƙin cikin shi ne, sau da yawa ba kai za ka haɗiye shi ba. Wanda ya fi amincewa da kai ne zai haɗiye, mai lasar hannunka, matarka, ko ɗanka da yake koyon ƙulli daga wurinka.

Maƙwabcin gabas kuwa, wanda aka zarga bai san an zarge shi ba, ya zo da bijiminsa, alherin Allah ke nan. Ba mu cancanta ba, yakan zo duk da haka, ya sa wuya a karkiyarmu don kada gonarmu ta kwana. Wanda ya tuba ana gafarta masa, wannan tabbas ne, kada kowa ya fita daga nan da shakka. Sai dai ku lura, an yi huɗa a shekarar nan, an kuma girbe, amma Sannu-Sannu bai dawo ba. Turkensa yana nan a bayan gida, manomin bai iya tuge shi ba.

Saboda haka in an jima, in kun fita, yunwa ta kai ku gaban mai abinci, ta ɗaga ludayi ta dube ku, kada ku yi saurin amsawa. Ku fara tambayar kanku wa zai ci abin da za ku bari. Mai kunnen ji, bari ya ji tun bijiminsa yana tsaye.